Fararen Shanu a Gonar Malam Ubale

Duk wanda ya taɓa kai waya gyara bakin kasuwar Gumel ya san Habibullah, ko da bai riƙe sunansa ba. Shi ne siririn nan mai tabarau da ke zaune a kusurwar shagon caji, wanda za ka yi wa sallama sai ya gama abin da ke gabansa sannan ya amsa. Wasu na cewa girman kai ne. Ba girman kai ba ne, hankalinsa ne kullum ba ya tare da jikinsa, kuma haka yake tun yana ƙarami.

A Kukar Dogo aka haife shi, wani ƙauye a ƙasar Sule Tankarkar. Mahaifinsa Malam Ubale manomi ne, mutum mai kaifin zuciya da tsoron Allah, irin wanda idan ya ce a'a, to an gama magana. Mahaifiyarsa ta rasu yana goye. A lokacin akwai wani gidan makiyaya da ke sauka a gonar Malam Ubale duk rani, shanunsu su zuba masa taki, shi kuma ya ba su dammunan gero. Uwargidan, Goggo Zinariya, tana shayar da ɗanta Ilu. Da ta ji kukan jaririn ya ƙi ƙarewa, ba ta nemi shawarar kowa ba, ta shigo gida ta ɗauke shi ta sa a nono. Tun daga ranar Habibu da Ilu suka zama 'yan'uwa, kuma babu wanda ya taɓa musun haka a gari ko a ruga.

Rabin yarintarsa a bayan shanu ya yi ta. Shi da Ilu suke kora garke daga rijiyar gari, su bi burtali, wato hanyar da aka bar wa dabbobi tsakanin gonaki, har su kai tafki. Kiwo dai bai karɓe shi ba. Saniya za ta kauce ta nufi gonar mutane, shi yana tsugune yana zana wani abu a yashi, sai Ilu ya ruga ya taro ta, ya dawo yana zaginsa. Da aka sa shi boko kowa ya huta, har shanun. Ya yi sakandare a Gumel, ya ƙara da karatun kwamfuta, ya dawo da takarda a hannu ya tarar babu mai nemansa. Sai ya zauna gyaran waya a shagon wani. A nan, da tsohuwar kwamfutar mai shagon, ya koya wa kansa haɗa wasannin waya, yana kallon yadda ake yi yana kwaikwaya, ya ɓata ya sake.

Wanda ya ɗauki hankalinsa shi ne irin wasan da ake ɗaga waya, kyamara ta nuno wurin da mutum yake tsaye, sai a ga an ɗora wani abu a kai wanda babu shi a zahiri. Ka kalli tsakar gidanku da idonka ba ka ga komai ba, ka kalla ta waya ka ga doki a tsaye kusa da randa. Ya daɗe yana fama kafin ya haɗa nasa, ya sa masa suna Kora. Fararen shanu ne masu dogayen ƙaho suke bayyana a gabanka, kana tafe suna tafe, kai kuma aikinka ka kai su mashaya ba tare da ɗaya ta kauce ba. Wani lokaci kura ta leƙo daga bayan sabara, sai ka yi maza ka taru da garkenka.

Abin da ya fi alfahari da shi kuwa, wasan ba ya cin data. Ya san ƙasarsu. Ya san akwai ƙauyen da sai an hau tudu ake samun sabis, ya san matashin da zai kwana da yunwa kafin ya sayi data don wasa. Don haka ya zuba komai a cikin manhajar, da shanun da taswirar da kukan kurar, yadda da zarar ta shiga waya ba ta ƙara neman kowa. Wani ya tura wa wani, waya kusa da waya, shi ke nan. Abokansa sun yaba masa wannan dabara, kuma gaskiya dabara ce.

A ko'ina ana iya ɗan taɓa wasan, amma babban zagaye, wanda ake samun farin bijimi a ƙarshensa, ya so ya ɗora shi a kan ƙasa ta gaske. Ina kuwa zai ɗora shi in ba burtalin garinsu ba? Sai ya tafi gida da rani, ya riƙe waya a hannu ya taka daga rijiya zuwa tafki, wayar tana riƙe duk inda ya sa ƙafa. Inda ya yi shakka, ya je ruga ya tambayi Goggo. Tsohuwa ta ji daɗi ƙwarai. Ta lissafa masa gawon da ake bari a dama, da aduwa biyun da ake ratsawa ta tsakaninsu, da tsohon suri, tana yi tana dariyar wai yau Habibu ne ke tambayar hanyar shanu.

To, da rani ƙasar nan duk ɗaya ce. An kwashe kara, dabbobi sun lashe abin da ya rage, yashi ne fari fat daga nan har inda ido ya tsaya. Ba ka bambance gona da hanya sai in kai ne mai gonar. Kuma kada a wanke Habibu sarai, don ba baƙo ba ne. Ya san burtali yana ramewa, kamar yadda kowa ya sani. Bana wannan manomi ya ƙara kunyar shuka ɗaya a cikinsa, baɗi na gefensa ya ƙara biyu, ba wanda ya ce an yi, ba wanda ya ce ba a yi ba. Shekara da shekaru ana haka, har hanyar da garke ke bi a baje ta koma sai saniya ta bi bayan saniya, a wani wurin ma ta karkace ta zagaya. Ya sani, amma ƙafarsa ta bi inda ta saba tun yana yaro, kansa kuma yana can wajen yadda zai gyara ƙahon bijimi.

Wasan ya bazu fiye da yadda ya zata. Ranar kasuwar Maigatari makiyaya na kawo wayoyinsu caji, masu shago su zuba musu waƙoƙi da wa'azi, yanzu kuma har da Kora. Wasan ya tsallaka iyakar Nijar, ya gangara Gagarawa. Samari suka riƙa zuwa Kukar Dogo a kan babur don su kori shanun a kan hanyar gaske su sami bijimin. Dattawa na zaune a gindin bishiya suna kallon ƙartai suna tafe a fili suna daka wa iska tsawa, suna girgiza kai. Habibu bai sami wani abin kirki a aljihu ba, amma a shago an fara ce masa injiniya, kuma hakan ya yi masa daɗi.

Sai ruwa ya sauka, aka yi shuka, gero ya tashi.

Ƙanwarsa Safiya, wadda suke uba ɗaya, ita ce ta kira shi wata rana da hantsi. Ba ta tsaya doguwar gaisuwa ba.

"Yaya, ka zo gida."

"Lafiya? Baba ne?"

"Lafiyarsa ƙalau. Kai dai ka zo ka ga abin da shanunka ke yi."

Ya yi dariya, ita ba ta yi ba. Ya sauka a garin bayan la'asar, bai ko shiga gida ba ya zarce gona. Tun daga nesa ya hango su. Samarin ruga ne jere a bakin gonar mahaifinsa, kowa da sandarsa a kafaɗa, kowa ya ɗaga waya ya saita ta cikin geron. Ba mai magana, ba mai dariya, ba kuma wanda ya taka ko kunya ɗaya. Ba wasa suke yi ba, kallo suke yi. Habibu ya ciro tasa wayar ya buɗe, sai ga fararen shanunsa suna tafe a natse ta tsakiyar geron Malam Ubale, suna ratsawa tsakanin aduwa biyu, suna fita ta ɗaya gefen.

Yawancin samarin nan ba su taɓa ganin burtalin a faɗinsa ba. Labari suke ji wajen iyayensu, irin labarin da yaro ke ji da kunne ɗaya. Yau ga shi a tafin hannunsu, ga shanu na bin sa, kuma ba makiyayi ne ya zana ba balle a ce son kai ne. Ɗan mai gonar ne da kansa.

Ilu na cikinsu, a can ƙarshen layi. Ya zama dogon mutum mai ƙarancin magana, shi ke riƙe da garken gidansu tun rasuwar mahaifinsa. Suka gaisa, Habibu ya ja shi gefe.

"Ilu, wasa ne fa. Ka faɗa musu wasa ne kawai."

"Na sani wasa ne. Shanun ƙarya ne. Hanyar fa?"

Habibu ya mayar da wayarsa aljihu.

"Shekaranjiya," in ji Ilu, "karsanata ta goga jikinta a geron Ya'u maƙwabcin gonarku, a inda hanya ta matse. Kai ma ka san ko tunkiya ba ta wucewa wurin ba ta taɓa ganye ba. An tara min mutane, an ce ɓarna na yi, na ba da haƙuri kamar ɓarawo. Yaran nan suna tsaye suna kallona. Yanzu me kake so in ce musu?"

A gida Malam Ubale na zaune a zaure yana wasa adda a kan dutse. Ya amsa gaisuwar ɗansa ba tare da ya ɗago ba.

"Baba, kuskure na yi. Zan gyara."

"Da yaran gari suka fara, suka tattake min gefen gabas, na kore su da tsumagiya. Waɗannan ba sa shiga. Tsayawa suke yi. Kullum suna ƙaruwa." Ya gwada kaifin addar da babban yatsa. "Ka cire abinka daga gonata."

Habibu ya koma Gumel ya zauna a kan aikin, ko abinci sai an tuna masa. Ya karkatar da hanyar ta bi siririn burtalin da ake bi yanzu, ya fitar da sabon Kora, ya bi shagunan caji ɗaya bayan ɗaya yana roƙo a goge tsohon a zuba wannan. A nan ne dabararsa ta juyo ta cije shi. Wasan da ba ya neman kowa, ba ya kuma jin kiran kowa. Ba shi da wata igiya da zai ja ya dawo da shi. Tsohon yana cikin wayoyin da bai san adadinsu ba, a rugage da mashekarai har cikin Nijar, kuma duk wanda ke da shi zai iya ba wani kafin a gama shan shayi. Sabon kuwa ko kallonsa ba su yi ba. Suka sa masa suna na manoma, tsohon kuma suka ce shi ne na gaskiya. Gyaran da ya yi ma sai ya zama hujja, ana cewa ai da ba a taɓa wani abu ba, da ba a yi saurin ɓoyewa ba.

Garin ya canza a hankali, ta inda baƙo ba zai lura ba. Matan ruga suka daina kawo nono, aka koma dama fura da ruwa da tsamiya. Ranar Juma'a makiyaya suka wuce masallacin garin suka tafi na wani ƙauye mai nisa. Maƙerin gari, wanda da damina ta yi nisa yakan zauna yana hamma, sai ga shi wutarsa ba ta mutuwa, kuma ba hauya ake kawo masa ba. Wata safiya aka tsinci ɗan maraƙin wani makiyayi an sare masa agara a bakin tafki. Ba wanda ya ga wanda ya yi. Washegari samarin da ke tsayawa a bakin gonar suka ninka, wasu fuskokin ma ba na yankin ba ne, kuma a ɗaya gefen samarin gari suka fara nasu tsayuwar.

Habibu ya daina barcin kirki. Tsoro yake ji, tsoro na gaske, kuma ya san ainihin abin da yake tsoro. Ya san mahaifinsa ba zai ja da baya ba idan saniya ta sa ƙafa a geronsa, ya san kuma garken da zai fara shiga na Ilu ne, don shi ne babba a cikinsu, shi za su tura gaba. Ɗaya zai kashe ɗaya, shi kuma zai bi gawar ko wanne ne a matsayin ɗan gida.

Ya je wajen Goggo. Ta tsufa, idonta ya yi rauni, tana zaune a ƙofar bukka tana tsefe igiya. Ya roƙe ta ta yi wa Ilu magana.

"Na yi masa," ta ce. "Ya ji ni. Amma ɗana, yaran da ke bayansa ba ni na haife su ba."

Mai gari ya ga abin na neman fin ƙarfinsa, ya tara dattawan ɓangarorin biyu a ƙofar gidansa da safe, kafin magana ta kai hukuma. Manoma suka zauna a dama, makiyaya a hagu, samari suka tsaya a baya. Aka yi addu'a, aka yi ta kewaye-kewaye. Manoma suka ce hanya tana nan inda take tun kakanni. Makiyaya suka ce a tambayi waya. Wani dattijo ya ce yaushe waya ta zama shaida, aka fara hayaniya. Mai gari ya ɗaga hannu, ya sa aka kira Habibu tsakiya.

"Waya ba ta rantsuwa," ya ce, "amma wanda ya yi ta yana yi. Habibullah, kai ɗan garin nan ne, ka kuma sha nonon ruga. Hanyar nan da ka sa a wasanka, daga kanka ka ƙago ta, ko kuwa nan ka san ta?"

Kalma ɗaya ce za ta fitar da shi. Abin da zai ce kawai shi ne ƙagowa ya yi, kamar yadda ya ƙago kurar. Manoma za su yi ajiyar zuciya, mahaifinsa ya tashi da mutuncinsa. Sai dai duk dattijon da ke wurin ya san gaskiya, samarin da ke tsaye a baya kuma za su gane cewa zama a ƙofar mai gari ba ya kawo komai, daga nan sai abin da sanda ta yanke. Ya dubi Ilu, Ilu na kallon ƙasa. Ya dubi mahaifinsa, shi kuwa shi yake kallo, ido cikin ido.

"Ranka ya daɗe," ya ce, "nan na san ta. Nan muka bi da shanu muna yara. Tsakanin aduwa biyun nan hanya ce."

Mai gari mutum ne mai dabara, ya yi maza ya rufe maganar kafin wani ya buɗe baki. Ya ce to an ji, amma abinci ba a wasa da shi. Gero ya riga ya fitar da kai, a bar kowa ya girbe abin da ya shuka, bayan kaka a fita da dattawa a mayar da hanya inda take. Dattawan ruga suka ce sun yarda. Ilu ya juya ya yi wa samarinsa magana a hankali, aka ga sanduna suna sauka daga kafaɗu. Habibu ya ji kamar an sauke masa dutse daga ƙirji, har ya fara gode wa Allah a zuci.

Sai Malam Ubale ya miƙe.

"Ranka ya daɗe, a bar wa kowa nasa. Nawa ban so." Bai ɗaga murya ba. "Ɗan cikina ya tsaya gaban jama'a ya ce hanyar bayin Allah na shuka. Hatsin da aka yi wa wannan shaida ba zai shiga rumbuna ba, iyalina ba za su ci shi ba."

Aka yi ta ba shi baki. Mai gari ya ce ba haka ake nufi ba, liman ya ce akwai sauƙi a cikin lamarin, har wani tsohon makiyayi ya taso ya riƙe masa hannu yana roƙo. Wanda ya san Malam Ubale ya san ɓata baki ake yi. Ya saɓa babbar rigarsa ya nufi gida, ya fito da addar nan, ya wuce gona. Jama'a suka bi shi a baya, manoma da makiyaya a cakuɗe.

Wannan yankin shi ne mafi kyau a gonar, don ƙasar ta sha takin shanu tun kafin a haifi Habibu. Geron ya fi mutum tsawo, kawunan sun yi kauri, ƙwayar ba ta gama ƙosawa ba. Daga nan gidan ke samun abin da ke kai su wata damina. Malam Ubale ya tsaya a gindin aduwa, ya juyo, ya miƙa wa ɗansa addar ta wajen ƙota.

"Baba, don Allah."

"Kai ka san inda ta bi. Ni na manta. Fara daga nan."

"Baba, ko sati biyu ne a bari ya ƙosa."

"Karɓi."

Ya karɓa. Hannun da ya saba da ƙananan sukurori bai iya riƙon adda ba, saran farko bai ko raba karan ba, sai da ya ƙara. Ɗanyen gero ya kwanta, ruwansa ya fantsar masa a fuska. Ilu ya matso zai karɓe shi, Malam Ubale ya ɗaga masa hannu ba tare da ya dube shi ba, ya koma inda yake. Can baya Safiya ta sa mayafi ta rufe bakinta.

Habibu ya yi ta sara yana kuka, hanya na buɗewa a bayansa. Da ya kai tsakiya ya ɗago don ya share ido, sai ya hango ƙarshen gonar. Ya'u ne tsaye a kan iyakarsa, da 'ya'yansa maza, da masu gonakin da tsohuwar hanyar ta ratsa a bayan tasa har zuwa tafki, kowa a bakin geronsa. Ba su zo ba da haƙuri ba, kuma babu ɗaya a cikinsu da ya zo hannu sake.

"Ban ce ka tsaya ba," in ji mahaifinsa daga baya.

Ya sunkuya ya ci gaba da sara, yana matsawa wajensu.